"To" Ba "I" Ba Ne: A Kan Tarukan Jin Ra'ayin Jama'a na Komin

Kusan kowace komin a ƙasar nan tana da wani kundi mai kauri da ake ce wa PDC, wato tsarin ayyukan raya ƙaramar hukuma na ƴan shekaru masu zuwa. Duk wanda ya taɓa buɗe ɗaya ya san jimlar da ba ta ɓacewa a shafukan farko: wai an tsara shi tare da jama'a, an zaga gari-gari, an ji ta bakin maza da mata da matasa. Ni kuwa na ce a wurare da yawa ba a ji ba. An dai tara mutane, an yi magana a gabansu, sun ce "to", aka rubuta cewa sun amince. Kuma mu ƴan jami'a muna da hannu dumu-dumu a ciki, don mu ne ake ɗauka lokacin hutu a ba mu kaye da bik da ƴar hula mai tambarin furoje, a ce mu je mu "tattaro ra'ayin jama'a".

Kada wani ya ɗauka ƙaramar magana ce. A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisun komin 265 a faɗin Nijar, da alkawarin cewa mulki zai sauko kusa da talaka. A 2010 aka haɗa dokokin ƙananan hukumomi cikin kundi ɗaya. A 2016 gwamnati ta miƙa musu wani ɓangare na iko a fannin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Ma'ana, inda za a haƙa rijiya, garin da zai samu aji uku na siminti da wanda yaransa za su ci gaba da zama cikin rumfar kara, duk suna bi ta cikin wannan kundi. Sannan a watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa masu riƙo. Ba wannan ce muhawarata ta yau ba. Abin da ya dame ni shi ne: a da, in taro bai ji ka ba, kana iya tare kansilan garinku a kasuwa ka tuna masa da ƙuri'arka. Yanzu taron gindin bishiya ya zama kusan ƙofa ɗaya tilo da ta rage wa mutumin ƙauye. In ita ma ta hoto ce, to ina zai bi?

Kowa ya san yadda ake yi. Ana aiko wa maigari saƙo saura kwana ɗaya ko biyu, mai shela ya zaga. An ce ƙarfe takwas, kat-kat ba za ta iso ba sai rana ta take. Baƙi a kan kujeru, dattawa a kan tabarmi, mata can baya a tsaye da goyo, samari sun jingina da babura suna kallo kamar masu kallon dambe. A yi addu'a, a yi jawabin maraba, babban baƙo ya yi magana da Faransanci ko da wata Hausa mai rabin Faransanci, tafinta ya taƙaita. A kafa babbar takarda a jikin allo a yi ta rubutu da harshen da masu zaman ba sa karantawa. A zagaya da takardar halarta, masu dangwala yatsa su dangwala. A ɗauki hoto. Kafin la'asar an tashi, don akwai wasu garuruwa biyu a gaba.

Bari in shigo ta ƙofar da na sani, wato harshe.

Kalmar da ta fi yawo a bakin masu furoje ita ce sensibilisation, wadda muke fassarawa da "wayar da kai". Ku saurari abin da ke cikinta. Ba a wayar da kan da ba a ɗauka yana cikin duhu ba. Mai wayarwa ya riga ya san amsa, ya zo ne ya zuba ta. Shawara kuwa juyin wannan ce. A Hausa mai neman shawara shi ke yin tattaki, shi ke cire takalmi, shi ke zama ƙasa, kuma yana tafiya ne da yiwuwar ya dawo da wani ra'ayi daban da wanda ya je da shi. In ka je wurin kawunka neman shawarar aure alhali ka riga ka kai sadaki, ba shawara ka je ba, sanarwa ka kai, kuma shi ma ya sani. Yawancin tarukanmu irin wannan ne: an kai sadaki tun a ofis.

Sai kalmar da ta fi yawa a bakin mahalarta: "to". A aji ana koya mana cewa ma'ana ba a cikin kalma kaɗai take ba, tana cikin karin murya, da wurin da aka faɗe ta, da wanda aka faɗa wa. "To" ɗin yaron da aka aika daban. "To" ɗin abokin hira da ke son ka ci gaba da labari daban. Akwai "to" mai ja, wanda tsohuwa ke yi in ta ga za ka jefa kanka rami. Akwai kuma "to" na wanda ya ga ba shi da iko a kan maganar, ya haɗiye sauran a cikinsa. Wannan na ƙarshe shi ya fi cika taron gindin bishiya, tare da ƴan'uwansa: "ba laifi", "ma gani", "Allah ya ba da iko", "sai abin da kuka gani". Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san babu ɗaya a cikinsu da ke nufin "na yarda". A tarbiyyarmu ba a cewa "a'a" ƙiri-ƙiri ga baƙo, balle baƙon da ya zo da motar hukuma, balle kuma a gaban maigari. Ƙin yarda yana fitowa ne ta karin magana, ta shiru, ta tsohon da ya tashi wai zai kama ruwa bai dawo ba. Tafinta yana jin wannan sarai, amma wa zai fassara shiru? A rahoto sai a rubuta cewa jama'a sun rungumi shirin hannu biyu. Bayan shekara a dawo a tarar da rumfunan sabuwar kasuwa awaki ke kwana ciki, ƴan kasuwa na nan a tsohon wurinsu bakin hanya, a ce mutanen ƙauye ba su san ciwon kansu ba. Haba! Sun faɗa, ba a dai iya ji ba.

Akwai wata kalmar da ke sauya kama a hanya. Baƙo ya ce participation, yana nufin a sa baki. Ta bakin tafinta sai ta fito "ku ba da gudummawa", ko "ku kama mana". Abin da kunnen manomi ke ji shi ne: ku kawo yashi da tsakuwa, ku ɗebo ruwa, ku yi karo-karo. Kuma bai yi kuskure ba, don sau tari abin da ake nufi ke nan a aikace. Mutanen nan suna da tarihi da baƙo mai riƙe da takarda. Aikin tilas na zamanin Nasara sai a 1946 aka soke shi a doka, kuma kakanninmu sun ba da labarin yadda ƙidaya ke zuwa lanho na biye da ita. Wanda aka raina da wannan labarin, in ka tambaye shi dabbobinsa nawa a bainar jama'a, kada ka yi mamakin lissafin da zai ba ka.

Sannan ga wani ɗan wakilin suna mai daɗin ɓuya a bayansa: "an", "ana", "za a". "An duba an ga ya kamata a fara da gyaran ofishin magajin gari." Wa ya duba? Yaushe? "Za a waiwayi maganar rijiyarku." Wa zai waiwaya? Nahawu ya ba mu wannan siga don mu sakaya suna saboda ladabi ko kunya, ma'aikata sun mayar da ita garkuwa. Ku gwada wani abu a taro na gaba: duk inda aka ce "an", ku roƙa cikin ladabi a sa suna a gurbinsa. Za ku ga yadda jawabi ke gajarcewa.

Ita kanta tambayar da ake yi gurguwa ce. "Mi kuke so?" Yo wa ba ya so? Za a ce rijiya, lakwal, gidan likita, injin niƙa, bankin hatsi. Jerin nan ɗaya ne daga Madarunfa har Tanut, ba don matsalolin garuruwan ɗaya ne ba, sai don jama'a sun daɗe da gano irin amsar da furoje ke da kuɗinta. Tambarin jikin mota suke karantawa, ko da ba su iya boko ba: in ta masu ruwa ce ƙishirwa ta fi damunsu, in ta masu lafiya ce zazzaɓi. Wayo ne, ba jahilci ba, kuma mu muka koya musu. Tambayar da ke buɗe baki ita ce mai neman labari: a watan bazara ina kuke ɗebo ruwa, wa ke zuwa, da asuba ko da dare, guga nawa kafin ya ƙafe? Mace ta ƙarshe da naƙuda ta yi wa tsanani a garin nan, da me aka ɗauke ta, ina aka kai ta, ta wace hanya? Daga irin wannan amsar ne za ka gane cewa wataƙila ba sabon gini suke buƙata ba, kwalbati ne a kan ƙoramar da ke yanke su daga likitar da ke akwai duk damina.

Na san wani zai ce ai an gama da matsalar harshe, tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki. Ni ɗalibin harshe ne, Bahaushe kuma, ba zan ɓoye cewa abin ya yi mini daɗi ba. Amma a yi hattara da abu biyu. Na farko, akwai Hausar ofis wadda Faransanci ce sanye da riga: "za mu aiwatar da tsarin shigar da masu ruwa da tsaki cikin matakan ci gaba mai ɗorewa". Fisabilillahi wace tsohuwa ce a Gazawa za ta ce uffan bayan wannan? Na biyu ya fi nauyi. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kuma masu su ba su ƙaura ba. A komin da yawa na Dakwaro da Tanut da Abalak da Gure akwai Fulani da Buzaye da Barebari da Tubawa. Namijinsu yakan ji Hausar kasuwa, ya yi ciniki da ita, amma ciniki daban, kare haƙƙin mashayar dabbobinka a gaban taro daban. Matansu kuwa da yawa ba sa jin ta sam. In muka ce tunda an yi taro da Hausa kowa ya ji, to mun yi musu abin da muka shekara sittin muna kukan Faransanci ya yi mana.

Kuma maganar makiyaya ba ta ado ba ce. Tsarin komin yana taɓa ƙasa: inda za a yi lambun rani, inda za a yanka filaye, gefen tabkin da za a killace. Burtalin da aka toshe a kan takarda, a gona ake biyan kuɗinsa. Mutanen jahar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Tun 1993 ƙasar nan take da kundin dokokin karkara da kwamitocin kula da filaye, amma kwamiti ba ya maye gurbin zuwa ruga. Wanda ya kira taro a lokacin da garke ya yi arewa, sannan ya rubuta "babu wanda ya yi ƙorafi", ya san abin da ya yi.

Haka batun lokaci yake ga kowa. Da damina mutane na gona. Da rani, lokacin da hanya ta fi daɗin bi ga kat-kat, majiya ƙarfi sun tafi cin rani Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya. Ranar kasuwa gari ba kowa. Da hantsi mata na daka da ɗiban ruwa da itace, wasu kuma suna cikin kulle, ba za su fito dandali ba ko da wa ya zo. Wadda ta fito ma, za ta buɗe baki a gaban surukinta? Saurayi zai musa wa ubansa a gaban baƙi? Kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, waɗanda za su zauna cikin azuzuwan da ake tsarawa ke nan, amma ko yayyensu ba su da murya a wurin. Sai a ɗauko "shugabar mata" da "shugaban matasa", sau da yawa ƙanwar maigari da wani mai furfura a gemu, a ce an wakilci kowa. Ba na zagin sarakuna. Ba a shiga gari sai ta ƙofarsu, kuma akwai masu gaskiya da yawa a cikinsu. Amma ƙofa ba ita ce ɗaki ba.

Yanzu ga hujjar da ake faɗa a ɓoye, a ofis ko a fadar ƴan boko in an sha shayi na biyu: wai talaka bai san tsari ba, in ka biye masa ba za a gama komai ba. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, don ƙasar nan da kanta ta ƙaryata ta.

A 1991, a jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da ƙungiyoyin mata na asusu da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata ne da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Suna haɗuwa duk mako, suna zuba kuɗi, suna ba juna rance, suna cin tarar mai latti, suna riƙe lissafi a ka, suna raba riba ba tare da an kai kowa gaban alƙali ba. Tsarin ya bazu har ƙasashen Afirka da dama suka kwaikwaya. Waɗannan ne za a ce ba za su gane kasafin kuɗin komin ba? Sannan ga sassabin zamani. Shekara da shekaru ana dasa itatuwa da kuɗin waje suna mutuwa. Daga wajejen 1984, nan ma a Maraɗi, manoma suka koma barin tohon kututturen da ke cikin gonakinsu, suna rage rassa suna renon masu ƙarfi. Yau ana maganar kadada kusan miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A Ɗan Saga ta Agye, mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki, don sun san in ba a sa mai garke ba doka ba za ta yi aiki ba. Babu ɗan jami'ar da ya rubuta musu wannan a babbar takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Hujja ta biyu ta fi gaskiya: shawara tana cin lokaci da kuɗi, komin kuwa talaka ce, lanho ba ya shigowa yadda ya kamata. Na yarda. Amma a duba inda kuɗin ke tafiya yanzu. Taron da ake kira restitution, kalmar da asalinta ke nufin mayar wa mai abu abinsa, a babban garin komin ake yin sa, cikin zaure, da wakilan da aka gayyata da takarda, da kuɗin zama jika kaza-kaza da lemo da sanwic. Mai abin yana ƙauye bai san an yi ba. Kuɗin zaman nan kuwa guba ne: ya koya wa mutane cewa taro sana'a ce, kuma wanda aka biya ba ya musu da mai biya. Abin da aka kashe a yini ɗaya na zaure zai isa a sayi sa'o'i a gidan rediyon karkara, a karanta tsarin da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a buɗe waya mutane su kira.

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne, kuma ba ya buƙatar ƙwararre daga waje. A faɗi kuɗin tun farko. A ce: abin da komin ke da shi na ayyuka bana kaza ne, rijiyar burtsatse tana cin kaza, aji ɗaya kaza, ba za su yiwu duka ba, wanne za a fara? Nan ne shawara ke farawa, don sai an san ba za a samu duka ba ake zaɓi, kuma nan ne za ka ji gardama ta gaskiya ta tashi tsakanin unguwa da unguwa. Gardamar nan ba lalacewar taro ba ce, ita ce alamar an fara shi. A raba zama: mata a cikin gida, da mace mai tambaya, a ranar da suke zubin asusu tunda sun riga sun taru, samari a fadarsu da dare, makiyaya a bakin rijiya, da tafintan da su suka yarda da shi. A kwana a garin. Abin da ake faɗa bayan sallar isha'i ba shi ake faɗa da hantsi a gaban kyamara ba. A bar babbar takarda, a zana taswirar gari a ƙasa da sanda, kowa ya sa tsakuwa inda yake nufi. Tsohuwar da ba ta riƙe bik ba za ta gyara maka kuskuren taswirarka.

Mafi muhimmanci, a dawo. Ba a tilasta wa hukuma ta yi duk abin da aka ce ba, dole wani ya yanke a ƙarshe, kuma wani gari zai jira. Amma wanda aka nemi shawararsa yana da haƙƙin a zo a ce masa: kun ce kaza, ba mu ɗauka ba, ga dalili, ga sunan wanda ya yanke, ga shekarar da za a sake dubawa. A liƙa shi a ƙofar maigari da boko da ajami. A naɗe shi da murya a tura ta WhatsApp, tunda ko ƴan cin rani suna cikin zaurukan garinsu a waya, kuma su ke aiko da kuɗin da ake gyara rijiyar in ta lalace.

Mu kuma da ake ba kaye da bik, akwai abin da ke hannunmu tun hutun bana. Takardar tambayoyin da za a ba ka tana da gurbin "sun amince" da "ba su amince ba". Ba ta da gurbin "sun ce to". Ka buɗe shi da kanka a gefen shafi. Ka rubuta maganar da harshen da aka yi ta kafin ka fassara. Ka rubuta mata nawa suka yi magana, ba nawa suka zo ba, da wanda ya tashi kafin a gama, da unguwar da ba a ga kowa daga cikinta ba, da rugar da aka ce ta yi nisa ba a je ba. Mai yiwuwa shugaban tawaga ya ce ka cika surutu, ya share rabinsa kafin rahoto ya isa Yamai. Ka ajiye kwafinka, ka kawo mana shi mu buga a fitowa ta gaba, ba tare da sunan kowa ba.